Yadda Na Kashe Suren Surukata

Da Allah zai ba ni dama in goge yini ɗaya daga cikin kwanakina, ba zan zaɓi ranar da na faɗo daga kan rumbu ba, ko ranar da sa ya bi ni da gudu a tsakiyar kasuwa wandona a hannu. Wata safiyar Talata zan zaɓa, wadda na goya famfon feshi na kashe suren matata, sannan na dawo gida na ɗora wa wani bawan Allah laifin. Gemuna ya yi fari fat yanzu, amma har yau in aka ajiye mini tuwo na ji ƙamshin daddawar batso, sai na ɗan sunkuyar da kai.

Sure shi ne abin da mutanen Kano ke kira yakuwa. Ganyensa a yi miya, furensa a yi miya ko a jiƙa a sha, 'ya'yansa kuwa, gurguzu, su ake dafawa a rufe har su ruɓa su zama daddawar batso. Baƙo in ya ji warinta yakan toshe hanci. Mu kuwa a nan ƙasar Bukkuyum, miyar da babu ita ruwan zafi ce da gishiri.

Suren da ke gidana ba irin na kasuwa ba ne. Surukata, Allah ya ji ƙanta, mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Gummi, kuma ita ma daga uwarta ta karɓo shi. Karansa fari ne, sai ɗan ɗigon ja a daidai inda kowane ganye ya kama kara, kamar an ɗiga masa lalle. Tsaminsa ba ya kashe haƙori. Gurguzunsa manya ne, masu mai. Al'adar gidansu ita ce duk ɗiyar da za a kai ɗakin miji, bayan tukwane da ƙore, uwarta za ta cika mata ɗan gora da wannan iri ta toshe bakin da tsumma. Haka matata ta zo mini da nata. Haka ta sallami manyan 'ya'yanmu mata biyu, sai dai su birni suka yi aure, gidan haya mai siminti, irin ya ƙare a tukunya. Saura auta, wadda aka sa bikinta bayan kaka a shekarar da nake ba ku labari. Ita manomi za ta aura, kuma uwarta ta ƙwallafa rai a kan goranta tun kafin a kawo goron tambaya.

Duk damina matata takan bi iyakar gonata ta dawa ta shuka suren, ta ɗan tsoma wasu a tsakanin kunya. Shekara talatin da wani abu ina wucewa ta gefensa, ina cin miyarsa, amma da za ka tambaye ni me ke cikin gonata sai in ce maka dawa. A idona abin da ake ɗaurewa dami a kai rumbu shi ne amfanin gona. Na mata kuwa, kayan miya ne kawai.

A shekarar nan abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, ruwa ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka, sai ya ɗauke kusan sati uku, shukar ta ƙone. Da ya dawo muka sake. Matata ba ta taɓa juye irinta duka a ƙasa ba, kullum takan rage na ajiya, amma wannan karon dole ta zazzage goran har ƙwayar ƙarshe. Na biyu, samarin garinmu duk sun tafi haƙar zinari wajen Anka. Ka nemi mai taya ka noma ka rasa. Ciyawa ta taso mini kamar an aiko ta, ga baya ya fara yi mini gardama.

Ran kasuwa na tsaya gaban wani mai sayar da maganin gona. Ya ɗauko wata kwalba ya ɗaga ta sama kamar mai tallan turare.

“Baba, wanga shi na maganinka. Duk wani mai faɗin ganye kashe shi yakai. Dawa ko, ko wanka kay yi mata da shi ba ta ji.”

“Ka tabbata?”

“Kai da ka yi boko? Karanta da kanka.”

Nan ya kama ni. Karatuna na boko aji huɗu ne, amma a majalisarmu ni ke karanta wa mutane takardar asibiti da ta zaɓe, har ana ce mini Malam. Na ciro tabarau, na riƙe kwalbar nesa da fuska, na bi rubutun Turancin da yatsa ina motsa baki. Kalma ɗaya ban gane ba. Na ga dai hoton dawa a jiki, kore shar. Na gyaɗa kai na ce, “Haƙiƙa, haka anka rubuta.”

Mutumin nan bai yi mini ƙarya ba, wannan in faɗa tsakanina da Allah. Ya ce mai faɗin ganye. Ni ne ban tambayi kaina ko a gonata akwai mai faɗin ganyen da ake so ba.

Talata da sassafe na ari famfo, na auna magani da murfin kwalba kamar yadda mai maganin ya nuna mini, na ƙara rabin murfi don in nuna wa ciyawar iyakarta. Na bi kunya kunya ina feshi ina waƙa. Da na zo iyakar gona ma na fi dagewa, saboda nan ne ganye ya fi yawa. Ina gani da idona ina jiƙa shi. Ban tuna ba. Kafin hantsi na gama aikin da zai ci mini kwana goma, na dawo gida ina tafiya kamar hakimi.

Bayan kwana uku na koma duba aiki. Dawa na nan tsaye ƙalau. Ciyawa mai faɗin ganye duk ta murɗe, kara ya lanƙwashe, ganye ya nannaɗe kamar kunnen tsohuwar akuya. Ina cikin murna na iso iyaka. Sai na ga ɗigon ja a jikin wani karan da ya murɗe. Na duba gaba, na duba baya. Layi guda, daga wannan kusurwa har waccan.

Na zauna a ƙasa. Na yi salati ya fi a ƙirga. Na ɗebo ruwa a buta na wanke wasu, kamar wanda ke yi wa gawa alwala yana jiran ta tashi.

A hanyar gida Shaiɗan ya raka ni, kuma ya ba ni shawara. Maƙwabcin gonata taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, wanda tun muna yara ba mu gaisawa sai da zagin wasa, ina kiransa bawana. Na ce wa raina, wanga ko an ɗora masa ba ya jin nauyi.

Na sami matata tana tankaɗe. Na yi fuskar ta'aziyya.

“Sai haƙuri. Surenki ya mutu.”

Ta ajiye rariya. “Mi yak kashe shi?”

“Wancan bawan nawa na. Feshi yay yi ga gonarshi, iska ta kwaso.”

Ta miƙe. Ta yafa gyale, ta sa takalmi, ta fita. Na bi ta a baya ina ta bayani a kan halin iska, yadda takan juya, yadda ba ta da amana. Da muka isa ta bi layin suren a hankali, tana taɓa kowane kara. Sannan ta tsallaka iyaka, ta tsaya cikin gyaɗar taubashina, wadda ke nan kore shar, ko ganye ɗaya bai lanƙwashe ba.

“Malam.”

“Na'am.”

“Gyaɗa faɗin ganye gare ta ko tsini?”

“Faɗi.”

“To wagga iska mai hankali ta. Ta tashi cikin gyaɗar mutum ba ta taɓa ta ba, ta ƙetaro, ta bi gonarka kunya kunya, ta kai ƙarshe ta juyo. Har inuwar kanya inda kaka hutawa, nan ma ta zauna ta huta.”

Na duba gindin kanyar. Ciyawa na nan lafiya lau a daidai inda na ajiye famfo na sha fura. Kash, sure ne babu ko ɗaya a wurin, don ba ya son inuwa.

Na so ta yi faɗa. Da ta yi faɗa da na sami abin riƙewa. Sai kawai ta tsinki kara ɗaya ta ƙulle a bakin gyale, ta ce, “Auta fa?” Ba ni ta tambaya ba. Ta juya ta nufi gida.

Da yamma aka kawo mini tuwon dawa, mai kyau, mai sulɓi. Na buɗe kwanon miya sai na ga fuskata a ciki. Ruwa ne, da gishiri, da barkono, da ɗan dunƙule na kanti.

“Ina miyar?”

“Ita ta nan. Na tace duk mai faɗin ganye, kada shi dame ka.”

Washegari haka. Jibi haka. Ran na huɗu na yi ƙarfin hali na ce ko kuka a kaɗa mini. Ta ce kuka ma ganye ce, ta duba, faɗi gare ta. Auta tana bayan ɗaki tana dariya a cikin zane. Ita a lokacin abin wasa ne a wurinta. Ango take tunani, ba gora ba.

Labari kuwa ya riga ni zuwa majalisa, har da ƙaryar da na yi. Ina isowa taubashina ya miƙe tsaye ya cire hula.

“Ku ba Sarkin Iska wuri! Ranka shi daɗe, gobe ina za ka hura? In kwashe gyaɗata.”

“Kai bawa, rufa mini asiri.”

“Ni kab ba laifi, ni zan rufa ma asiri? Ka ci sa'a ni na. Amma tuwon gidana, ko ka zo da kuka ba ka cin shi. Koma ka sha ruwan gishirinka.”

Na roƙe shi gafara a gaban mutane. Ya ce ya yafe, amma sunan bai yafe ba, kuma da shi ya kira ni har ya koma ga Allah.

Na ce wa kaina, iri dai ai ba annabi ba ne, ana samun wani. Ranar kasuwar Gummi na hau kabu-kabu na tafi. Na zagaya layin masu kayan miya ina tambayar farin sure mai manyan 'ya'ya. Kowace tsohuwa ta rantse nata ne. Na sayo wuri uku na ƙulla daban daban, na kawo gida na baje a faifai kamar mai kawo lefe. Matata ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowane ƙulli, ta duba, ta ciza. Na farko ta ce ja ne. Na biyu ta ce na bara waccan ne, ya mutu. Na uku ta daɗe tana juya shi, har na fara sa rai, sannan ta ce, “Wanga ko rama ta. Ko rama da sure ba ka rarrabewa?”

Saura wuri ɗaya. Matata na da ƙanwa da ke aure a wani ƙauye a ƙasar Anka, ita ma an sallame ta da gora. A lokacin hanya ba ta zama abin tsoro kamar yanzu ba, ramuka ne kawai. Na isa ƙugu kamar ba nawa ba. Ƙanwar mata abokiyar wasa ce, tun daga zaure ta fara.

“Lale da angona! Yaya ta koro ka, ka taho in riƙe ka? Ni ban son miji mai famfo.”

Ta ba ni fura, ta gama yi mini tsiya, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Sai dariyar ta ɗauke. Ta ce ita a bayan ɗaki take shuka nata. Shekarar da gubar dalma ta ci yara a garuruwansu, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, abin da ke bayan ɗaki ya tafi tare da ita. Mutane na binne 'ya'yansu, wa ke tuna gurguzu? Ta ce, “Ni da ke cewa in an yi kaka in aika wajen Yaya ta sam mini.”

Na dawo hannu rabbana. A ranar matata ta yi mini miyar kuka da daddawar kalwa, mai kyau. Wannan miya ta fi ruwan gishirin yi mini ciwo, don na gane ta daina wasa, ta fid da rai.

Aka yi kaka, dawa ta yi kyau, rumbu ya cika, aka yi bikin auta. Ranar da za a kai ta na leƙa inda mata ke haɗa kaya. Ga tukwane, ga ƙore, ga tabarmi. Na ga matata ta ɗauko goran da ta riga ta fafe ta goge tun bazara, ta juya shi a hannu, ta mayar ta rataye. Babu wanda ya lura sai ni. Aka yi guɗa aka tafi da yarinya wani ƙauye a bakin fadama, can ƙasar Gummi.

Da damina ta kewayo, an yi ruwa biyu, sai matata ta same ni ina wasa fartanya.

“Bana ba ka feshi. Kuma iyakar gona ba ka noma ta sai ina tsaye.”

“Mi za ki nema can?”

“Gyauro.”

Gyauro shi ne abin da ya tsiro da kansa daga ƙwayar da ta zube a ƙasa. Ta ce shekara talatin tana girbin sure a layin nan, kuma ba a girbi ba a zubar ba. Wata ƙwayar bawonta tauri gare shi, takan kwana a ƙasa shekara biyu ko uku kafin ta farka. In Allah ya so, akwai waɗanda suke barci ranar da na zo da famfona.

Nan na shiga makarantar da ban yi ba. Muka durƙusa a bakin gona, ni da tabarau, ita babu. Ta nuna mini yadda dawa da gero da ciyawa danginsu ke fitowa da ganye ɗaya, tsaye kamar allura. Sure da wake da kuɓewa da gyaɗa kuwa da ganye biyu suke fitowa, a buɗe kamar tafin mai addu'a. Ta ce, “Maganinka masu addu'a yaka kashewa.” Daga baya wani malamin gona ya gaya mini haka yake a littafinsu ma, gida biyu ne, har ya ce maganin tilasta wa tsiron girma yake yi ba tsari har ya murɗe ya mutu. Na ce masa na riga na ji a wurin wadda ta fi shi.

Wahalar ita ce masu addu'a suna da yawa. Tafasa na addu'a, lalo na addu'a, har ƙaya. Duk wanda na gani sai in kafa masa tsinke in yi kira, “Ga shi nan!” Ta zo ta duba ta ce tafasa ce. Na yi gadin wani tsiro kwana tara, ina kai masa taki a hula, ya tashi ya zama gautan kura. Ranar da na gaji na sa fartanya don in yi sauri kuwa, sai na ji ihu a bayana. Na sare biyu na gaske. Tun daga nan ta ƙwace fartanyar, na koma cira da hannu, ina tafiya da gwiwa. Taubashina ya jingina da tasa fartanyar yana kallo ta kan iyaka.

“Sarkin Iska, bana rarrafe anka koma? Allah shi raya.”

A ƙarshe uku muka samu masu ɗigon ja. Ɗaya tsutsa ta cinye. Biyu suka rayu. Na kewaye su da ƙaya, na fi kula da su fiye da dawar duka. Ko ganye ɗaya ba a tsinka ba a shekarar. Abin da suka ba da bai cika tafin hannu ba. Shekara ta biyu aka shuka rabi aka ajiye rabi. Sai a kaka ta uku gurguzu ya yi yawan da matata ta dafa batso, ta kuma cika goran auta ta toshe da tsumma. Ta miƙo mini.

“Kai kab ɓata, kai za ka kai.”

Na sa babbar riga na tafi. Na sami auta da goyo, ta zama matar gida sosai. Ta yi murna, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo tuwo da miyar sure. Jan sure ne, irin na gidan mijinta, mai tsami har kunne. Na ci don kunya. Sannan na ciro goran daga aljihu na ajiye a gabanta, ina jiran ta yi kuka ko ta yi guɗa.

Ta ɗauka ta girgiza, ta yi murmushi.

“Baba, don wanga kas sha hanya? Allah sarki. Ai da niz zo ban da iri, uwar mijina ta ba ni nata. Shi nika shukawa. Yanzu har na saba, in na ci na gida sai in ji kamar ba a sa komai ba.”

Ta ga fuskata, sai ta yi sauri ta ce za ta shuka, wallahi za ta shuka, ta gode. Na san ta shuka, layi ɗaya, don kada ran uwarta ya ɓaci. Amma bakinta ya riga ya koma wani gida, kuma ɗiyar da ke bayanta da jan sure za ta tashi. Da goran ya bi ta ranar da aka kai ta, da shi za ta fara tukunyarta.

Da na dawo matata ta tambaye ni, “Ta yi murna?” Na buɗe baki zan ce ƙwarai, sai na tuna inda ƙarya ta kai ni a baya. Na faɗa mata yadda aka yi. Ta ce, “To. Ta ci abin da ta samu.” Ta ci gaba da tsinke gurguzunta.

Ban ce kada ku yi feshi ba. Baya na ciwo, 'yan ƙwadago sun yi wuya, ni ma na sani. Roƙona gare ku, ku masu ƙarfi yanzu, kafin ɗayanku ya goya famfo ya shiga gida tukuna ya tambayi matarsa abin da ta shuka da inda ta shuka, ya je da ita ta nuna masa da yatsa. In takardar jikin kwalba ta fi ƙarfinka, ka ce ta fi ƙarfinka. In kuma ka riga ka yi ɓarna, ka faɗa da bakinka tun a ranar, ka bar iska da taubashi su huta. Don Allah kada wani ya sake yin irin tawa.